Faifan da kuka ba ni ba na ɗiyata ba ne

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da aka tura mu,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Hadiza. Malamar makarantar firamare ce ni a garin Tawa, shekara goma sha huɗu ina riƙe da alli. A Takanamat aka haife ni, aure ya kawo ni birni. Mijina Isa yana Abijan wajen nema kamar mazan ƙasarmu ta Adar da yawa, sai shekara ta zagayo muke ganinsa. Saboda haka duk abin da ya shafi ƴaƴanmu, ni ce uwa, ni ce uba, ni ce mai hawa mota.

Ban rubuta sunan cibiyarka ba, ban kuma rubuta sunan ko ɗaya daga cikin ma'aikatanka ba. Ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ka san kanka, domin wasiƙa biyu na aiko ofishinka kafin wannan, kuma na yi yini biyu a kan benci a ƙofarka. Da ɗaya daga cikinsu ta samu amsa, da ban fito da wannan magana bainar jama'a ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ran wata yarinya ƴar shekara biyar yana rataye da wata takardar randebu, wato ranar da aka yanka musu su dawo, da aka rubuta a ofishinka, ni kuwa ba ni iya zama, ba ni iya tsayuwa. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe.

Na ɗaya: abin da ya kawo mu wurinku.

Ɗiyata Mariyama, wadda muke kira Mairi a gida, shekararta takwas. Ba ta yi tafiya da wuri ba, sai da ta haura shekara biyu, kuma tun lokacin yarinya ce mai yawan faɗuwa. Mun ɗauka halittarta ce. Bara ne abin ya sauya. Ƙafarta ta dama ta fara karkata ciki, tana jan ta a ƙasa har takalminta na dama ya riƙa cinyewa ta gefe guda. Daga nan hannun ya bi. A ajina take, don haka da idona na gani: in ta riƙe alli za ta rubuta a allo, sai yatsun su ƙanƙame, ta sa hannun hagu tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana satar kallona ko na lura. Yarinyar da ta fi kowa son a kira ta gaban aji ta koma neman kujerar baya.

Likitan yara na nan Tawa ya duba ta, ya sa aka yi gwajin jini, aka yi mata hoton kai da na'urar da muke da ita a nan, ba a ga komai ba. Sai ya zaunar da ni ya ce akwai wata na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda kuke kira IRM, kuma sai a Yamai. Ya ɗauki takarda ya zana mini kai, ya ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Ya ce, "Madam, waɗannan su ne hanyoyin da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Ina son in ga ko sun samu rauni. Abu na biyu, na'urar tana iya auna wasu sinadarai na cikin ƙwaƙwalwa ba tare da an huda yaro ba. Akwai irin ciwon da in aka gane wani sinadari ne ya gaza, ana taimaka wa yaro da magani da tsarin abinci. Ban yi miki alkawari ba. Amma ba ni son in ba ɗiyarki magani a cikin duhu."

Wannan magana ta biyu ita na riƙe. Wata biyu na jira randebu a wurinku, ban yi ƙorafi ba, domin na san na'ura ɗaya ce, masu jira da yawa.

Na biyu: ranar da aka ɗauki hoton.

Ranar Talata ce, mako guda bayan ƙaramar Sallah, ana tsananin zafin bazara. Mun yini a mota ranar Litinin, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, Mairi a kan cinyata domin ƙafar tana riƙewa in ta daɗe a lanƙwashe. An ce kada ta ci komai tun asuba, saboda za a yi mata allurar barci don kada ta motsa a cikin na'ura.

A ɗakin jira na tarar da wata mata sanye da baƙin mayafi, da yarinya a kwance a jikinta ta rufe ido saboda haske. Da na ji tana yi wa yarinyar magana da Tamashek, harshen Buzaye, na tambaye ta daga ina. Ta ce daga wajen Tebaram. Sai muka gaisa gaisuwar ƴan gida da suka haɗu a baƙon wuri. Sunanta Gaishata, makiyaya ne, tana jin Hausa daidai ta kasuwa. Ta ce ɗiyarta tana kuka da kai, tana amai da safe, in ta tashi tafiya sai ta riƙa tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin ƙauye, shi ne ya tura su Tawa, daga can aka turo su nan. Ta ba ni izinin faɗin sunanta a wannan wasiƙa.

Muna zaune sai ma'aikaciyarku ta leƙo ta ce, "Mariyama, Tawa!" Muka miƙe mu biyu. Ashe ɗiyarta ma Mariyama ce. Ɗiyata Mariyama Isa, tata Mariyama Isufu. Muka yi dariya, ma'aikaciyar ma ta yi dariya, ta ce to babbar ta fara shiga. Ranka ya daɗe, ka lura da wannan wuri. Ma'aikaciyarka ta san ranar akwai Mariyama biyu daga jiha ɗaya. Ta gani da idonta.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba. Mutumin da ke sarrafa na'urar mutumin kirki ne. Ya sa na cire ƴan kunnen Mairi da nawa da duk wani ƙarfe, ya bar ni na tsaya wajen ƙafafunta ina riƙe da babban yatsanta, na'urar tana bugawa kamar ana sassaƙa turmi a cikin kunnena. Ya ce za a daɗe fiye da na sauran mutane, saboda awon sinadaran da likita ya nema. Mai allurar barci ma bai bar mu ba sai da ta farfaɗo. Ta daɗe ba ta farfaɗo ba, kuma da ta tashi ta yi ta amai har la'asar, ba ta gane ni ba na wani lokaci. Na gaya wa kaina, sau ɗaya ne, ya wuce.

Washegari na koma karɓar sakamako. Aka ce takardar bayani sai bayan mako guda, amma ga faifan hoton, in tafi da shi, za a turo mini takardar ta waya. Hutuna ya ƙare, aji yana jirana, sai na karɓa. Ambulan ne ruwan ƙasa, an rubuta da hannu: Mariyama I., Tawa. Gaishata ta ce ita za ta zauna wurin wani ɗan'uwan mijinta har takarda ta fito, domin ba ta da wayar da za a turo mata. Muka yi sallama a bakin ƙofarku. Ban karɓi lambar kowa nata ba. Me zai sa in karɓa?

Na uku: abin da ke cikin faifan.

Ranar Juma'a da safe na kai wa likitanmu na Tawa. Ya sa faifan a ordinater, wato kwamfuta, hotuna suka fito. Ina kallon fuskarsa ne, ba allon ba, domin ni ban san abin da zan gani a allon ba. Ya matso da kujera. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya juyo ya kalli Mairi da ke zaune tana wasa da igiyar jakata, ya tambaye ni ko tana amai da safe, ko tana kuka da kai. Na ce a'a. Ya nuna mini wani abu mai haske a bayan kai, ya ce ƙari ne, kuma ya toshe hanyar ruwa, ruwan ya taru.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na tuna na kama gefen tebur. Na tuna ina tunanin yadda zan gaya wa Isa a waya, da wace kalma zan fara.

Sai na ji ya ce, "Tsaya. Wace shekara aka haifi ɗiyarki?" Na faɗa. Ya sa yatsa a kusurwar allon inda aka rubuta ƙananan haruffa. Ya ce, "Wannan yarinyar shekararta biyar. Sunan ubanta Isufu. Madam, wannan ba kan ɗiyarki ba ne."

Zan gaya maka gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne alhamdu lillahi. Na faɗa da ƙarfi, na rungume Mairi har ta yi ƙara. Sai da numfashina ya dawo na tuna yarinyar da ke rufe ido saboda haske, da uwarta da ta tsaga mini dabino biyu daga ƙullin mayafinta a ɗakin jira. Na yi godiya ga Allah a kan bala'in da ya faɗa wa ɗiyar wata. Har yau in na tuna, kunya takan rufe ni. Ku kuka sa ni a wannan hali.

Likita ya ce, "Duk inda yarinyar nan take, ba ta da lokacin jira."

Na huɗu: abin da cibiyarka ta yi da aka gaya mata.

A gabana likita ya kira lambarku. Aka ce a kira ranar Litinin. Ranar Litinin na kira tun kafin in shiga aji, sakatariya ta ce za ta duba. Na kira da rana, na kira Talata, na kira Laraba. Likita ya rubuta wasiƙa da hatiminsa, na ɗauki hotonta na tura, na kuma aika ta da mota. Ranar Alhamis sakatariya ta ce uwar yarinyar ta riga ta karɓi ambulan ɗinta ta tafi. Na ce a kira ta. Ta ce lambar da ke cikin dosiye, wato fayil ɗin yarinyar, ba ta shiga, sun gwada. Na ce sau nawa? Ta ce, "Madam, ba ke kaɗai ba ce muke da ita."

Na nemi izini wurin daraktan makarantarmu, na bar Mairi wurin maƙwabciya, na sake hawa mota zuwa Yamai. Yini biyu na yi a ƙofar ofishinka. Ranar farko aka ce kana taro. Rana ta biyu na ga ka fito, na miƙe na gaishe ka, ka amsa da fara'a, ka ce in ga sakatariya. Ban zarge ka ba, ba ka san abin da ke cikin jakata ba. Amma wasiƙar likita tana kan teburin ofishinka tun mako guda kafin nan.

Ga abin da aka gaya mini a ranar, kuma na rubuta shi a littafina a gabansu. Na farko, ba za a iya sake buga mini faifan ɗiyata ba, domin ana share tsofaffin hotuna daga na'ura don a samu wuri. Na biyu, in kawo Mairi a sake yi mata hoto, a sake allurar barci, in shiga layi daga farko. Na uku, in mayar musu da faifan da ke hannuna tunda ba nawa ba ne.

Na tambayi sakatariya, in na ba ta faifan, wa zai kai wa uwar yarinyar? Ta ce za a ajiye a dosiye, in sun dawo a ba su. Na ce ta yaya za su dawo, alhali an ba su takardar da ba tasu ba? Na mayar da faifan cikin jakata na fito. In wannan laifi ne a dokarku, na amsa shi, kuma a shirye nake in maimaita a gaban duk wanda ka ga dama.

Na biyar: aikin da na yi muku.

Na dawo Tawa ba ni da komai sai suna uku: Gaishata, Isufu, Tebaram. Na je asibitin da ya tura su, aka duba rajista, ba a rubuta komai ba sai "Tebaram" da wannan lambar da ba ta shiga. Na tambayi masu sayar da cuku a kasuwa. Na tambayi direbobin da ke bin hanyar. Kowa ya ce Isufu a cikin makiyaya ai kamar a ce Abdu ne a cikin Hausawa.

Sai na kira yayana Mamman, dillalin dabbobi ne a Takanamat. Ya ce, "Ke dai ki kwantar da hankalinki. Mai akuya bai ɓacewa dillali. In suna ƙasar nan, sai sun kawo dabba kasuwa kafin Layya." Duk ranar kasuwa yana bin masu rawani ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wa ya san mai ɗiyar da aka kai Yamai hoton kai. Ya aika wa abokan sana'arsa na Tebaram. Ni kuma a nan ina koyar da lissafi, hankalina yana kan waya. Yara sun gane. In ta yi ƙara a cikin jaka sai ajin ya yi tsit. Na rame har uwar mijina ta tambaye ni ko wani abu ne tsakanina da ɗanta. In na zauna cin abinci sai in tuna wani yini ya sake wucewa, ruwan nan yana ƙara taruwa a kan yarinyar, kuma ni kaɗai ce a duniya na san da haka nake nemanta.

Kwana huɗu bayan Layya Mamman ya kira. Wani ya sayar masa da rago ya ce ya san su, suna zaune kusa da wata rijiya yamma da Tebaram, amma suna shirin tashi arewa da dabbobi da zarar ruwa ya sauka. Ranar Asabar na hau motar kasuwa zuwa Takanamat, daga can Mamman ya goya ni a babur. Ka san hanyoyin nan ba kamar da ba ne saboda rashin tsaro, mutane ba sa son bin su ba dalili. Mun bi.

Gaishata ta gane ni tun kafin in sauka. Ta taho da murna, tana cewa uwar Mariyama babba, me ya kawo ki? Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono. Na tambaye ta ina yarinya. Ta nuna cikin bukka. Mariyama tana kwance, ba ta iya zama sai an tallafe ta. Na miƙa mata hannu, ta yi ta lalube a iska, ba ta ga inda yake ba.

Uwar ta ce, "An ce ba komai a kanta. Majo ya karanta takarda, ya ce ba ƙari, ba ruwa, a riƙa motsa mata ƙafa. Kullum ina motsawa, safe da yamma. Ban san abin da ya sa ba ta tashi ba."

Ta shiga ta ɗauko jakar fata, ta kwance ƙulli uku, ta fito da ambulan ruwan ƙasa, a tsabtace kamar ranar da aka ba ta. Mariyama I., Tawa. Na buɗe. Takardar ciki tana ɗauke da sunan ɗiyata da shekarar haihuwarta. Majon ƙauye ya ga Mariyama, ya ga Tawa, ya ga hatiminku, ya gaskata. Wa zai ce masa ya yi shakkar takardar da ta fito daga Yamai?

Wata biyu, ranka ya daɗe. Wata biyu wannan baiwar Allah tana murza ƙafar ɗiyarta da man shanu bisa umarnin takardar ɗiyata.

Ni na gaya mata. Ba likita ba, ba kai ba, ba sakatariya ba. Ni malamar firamare, da Hausar da take ji rabi-rabi, Mamman yana cika mini da ɗan Tamashek ɗinsa na kasuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ambulan biyu, ɗaya a kowane hannu, tana kallon wannan tana kallon wancan, ta ce, "Iri ɗaya ne." Mijinta Isufu ya tashi ya tafi neman motar da za ta kai su Tawa.

Na shida: inda muke a yau.

Likitanmu ya karɓi Mariyama, ya ba ta maganin rage kumburi, ya rubuta takardar gaggawa. Yau kwana tara tana kwance a wani asibiti a Yamai. Likitocin tiyata sun ce hoton da ke faifan ya tsufa, ba za su taɓa kanta ba sai sun ga sabo. Isufu ya zo cibiyarka da takardarsu ranar Litinin da ta wuce. Aka ba shi randebu nan da mako biyar. Ya ce gaggawa ce, aka ce kowa haka yake cewa. Bai san yadda zai bayyana cewa ku kuka jawo jinkirin ba, kuma wadda ta rubuta randebun ba ta tambaya ba.

Ita kuma Mairi, faifanta ya dawo hannuna. Takardar ta ce ba ƙari, kuma hanyoyin saƙon nan ba su nuna wani babban rauni ba. Na gode wa Allah. Amma layin ƙarshe ya ce sakamakon awon sinadarai zai biyo baya, in ƙwararre ya duba. Bai biyo ba. Likitanmu ya buɗe wurin, ya nuna mini wasu layuka masu hawa da sauka kamar duwatsun Adar, ya ce shi ba fanninsa ba ne, ba zai yi ƙarya ya ce ya iya karanta su ba. Wato abin da ya sa na kai ta Yamai, aka hana ta abinci, aka yi mata allurar da ta sa ta kasa gane uwarta, shi ne har yau ba a duba ba. A jarrabawar ƙarshen shekara da baki ta amsa tambayoyi, domin hannun ya daina riƙe alƙalami. Tun makon jiya goya ta nake yi zuwa makaranta.

Saboda haka, Mai Girma Darakta, ga abin da nake roƙo.

Ɗaya. A ɗauki hoton Mariyama Isufu a wannan makon, ba nan da mako biyar ba. In ka karanta wannan wasiƙa da safe, ka ba da umarni kafin azahar. Duk sauran roƙona suna iya jira, wannan ba ya jira.

Biyu. A ba ƙwararre faifan ɗiyata ya karanta awon sinadaran, a aiko wa likitanmu na Tawa da bayani a rubuce. In babu mai iya karantawa a cibiyarka, ku faɗa mini gaskiya, ku tura shi inda za a iya. Ba zan yarda a sake yi mata allurar barci ba alhali hotonta yana nan lafiya lau.

Uku. Kada a sake miƙa wa uwa ambulan sai an buɗe shi a gabanta, an karanta mata sunan yaro da na ubansa da shekararsa da ƙarfi, da harshen da take ji. Wannan ba ya bukatar sabuwar na'ura. Mu a makaranta haka muke yi kafin mu ba yaro takardar sakamakonsa, alhali tamu takardar ba ta kashe kowa. Kuma a daina share hoton yaro kafin a tabbata bayaninsa ya isa hannun likitan da ya aiko shi.

Huɗu. In hoto ya nuna abin da ba ya jira, kada a ajiye shi a dosiye ana jiran iyaye su dawo. Wani a cibiyarka ya karanta hoton Mariyama, ya ga ƙarin, ya rubuta, ya sa hannu. Ina takardar take duk tsawon wannan lokaci? A binciko, ba don a kori kowa ba. Ba na son a kori sakatariya, na ga yawan mutanen da ke kanta ita kaɗai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Biyar, kuma wannan daga gare ka nake nema, kai da kanka. Jiya Isufu ya ari waya ya kira ni, ya ba Gaishata. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malama, da na iya karatu kamarki, da na gani tun a ƙofa, ko?" Na ce mata ni da na iya karatun ban gani ba, na ɗauki kan ɗiyarta a jakata na kawo har Tawa. Na rantse mata ba laifinta ba ne. Ta ce to. Amma na ji a muryarta ba ta yarda ba, tana ganin lallashinta nake yi. Daga bakina ba za ta yarda ba. Asibitin da take bai fi tafiyar minti ashirin daga ofishinka ba. Ka je, ka nemi mai jin Tamashek ya tsaya a tsakaninku, ka gaya mata kuskuren daga wurinku ya fito. Ko yarinyar ta tashi ko Allah ya yi ikonsa, kada matar nan ta koma daji tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Ina roƙon Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa albarka a aikinka da na ma'aikatanka, ya kare ƴaƴanka daga ciwon da zai sa ka zauna a kan benci a ƙofar wani. Allah ya ba Mariyama lafiya, ya ba Mairi lafiya, da duk yaran da ke jiran layi a wurinku. Wayata tana kunne, lambata tana cikin dosiye, kuma tawa tana shiga.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Hadiza, uwar Mairi,
Tawa.